'Yar Tsanar Zinatu

Tun da aka kafa dokar 'yar tsana, sau ɗaya yaron da aka ci wa zarafi yake ba da labari. 'Yar tsana yake faɗa wa, ita ta maimaita gaban alƙali.

Na kai 'yata Zinatu ofishin sauraron yara, wata biyu ba ta magana. Yayana ya tare ƙofa.

"Hambali, ɗana ne fa! A rufa asiri."

Na ce, "Yaya, matsa."

Malama Talatu mai sauraron yara ta miƙa wa Zinatu 'yar tsana ɗaya, suka zauna a ƙasa. Kantar bayansu cike take da wasu, kowace da sunan yaro. Zinatu ta raɗa wa tata labarin. Kafin la'asar an kama ɗan yayana.

A hanya Zinatu ta ja rigata. "Baba, rake."

Sanda guda na saya mata.