Kwalbar Shekarar da Aka Haifi Jemima

Da safiyar Asabar Katung ya zaro kwalbar daga ƙarƙashin bene, ya ɗaga ta a hasken taga, nan take gabansa ya faɗi. Giyar Port da ta kwanta shekara ashirin da ɗaya dole ta tara gurɓi a ƙasa, shi ya sa ake tsayar da ita kafin a zuba. Wannan kuwa tas take, kuma jan nata ya yi haske da yawa. Ya duba bakin, ya ga an liƙe shi da kakin kyandir, aiki mai tsafta. Ya ɓantare kakin ya sansana, sai ƙamshin citta da kanumfari. Zoɓo ne, sabo ma, ko tsami bai yi ba.

Tsohon maigidansa ne ya ba shi kwalbar, wani ɗan Fotugal mai gidan abinci a unguwar Stockwell, bayan an haifa wa Katung 'yarsa Jemima a 2003. Ya ce a ajiye ta sai ranar da yarinyar ta cika ashirin da ɗaya. Ranar kuwa yau ce, kuma an gayyaci rabin cocinsu na Catford.

A gidan abincin nan Katung ya koyi sunayen inabin kwarin Douro na Fotugal har ya fi masu ƙasar iya faɗa, a nan kuma ya koyi sha. Shan ya kai shi kwana a bencin tasha, ya kai matarsa Jane haɗa akwatinta. Da ya daina, shekaru da dama ke nan, magana ɗaya ta yi masa: in ya sake ko da kurɓa ɗaya ce, ita da shi sai a lahira. Jane ba ta maimaita magana.

To wa ya shanye? Wataƙila ƙawayen Jemima da suka kwana a gidan makon jiya, ga firij cike da zoɓon biki. Amma wa zai saurari wannan? A gidan nan mutum ɗaya ne ya yi suna da kwalba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ji Jane tana atishawa a kicin, mura ta toshe mata hanci tun Laraba. Ya cusa kwalbar a jaka, ya ce zai je aski.

A shagon giya na farko a Stockwell, matar da ke sayarwa ta miƙo masa Port irin ta Tawny mai ruwan zuma, wadda ta tsufa a ganga. Ya ce ba ita ba. A na biyu suka ce ga giyar Madeira, ita ko an buɗe ba ta lalacewa. Ya kusa yi musu ashar. Shi ba daɗi yake nema ba, tagwayen kwalba yake nema: kamfani ɗaya, shekara ɗaya, takarda ɗaya. Yana tafe yana duba waya, yana goge gumi duk da sanyin gari. Jane ta kira, bai ɗauka ba.

Sai a wani tsohon shago kusa da tashar Charing Cross aka dace. Mai shagon ya sauka ƙasa ya daɗe, Katung yana ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da ya fito da ita, sai ya ɗauko ƙaramin kofi ya ce ga irinta a buɗe, ko zai ɗanɗana? Ƙamshin ya bugi hancin Katung, yawu ya cika masa baki. Ya ja da baya har ya bugi kanta. Ya biya bai tsaya jin ciniki ba, ya jefa ta zoɓon a kwandon shara, ya ɗiga kakin kyandir a bakin sabuwar a banɗakin tasha don kada a ga bambanci.

Ya shigo gida kansa ba aski, Jane ta dube shi. Ya tsayar da kwalbar a kan tebur, ya sauke numfashi. Ya tsira. Shi dai ruwa zai sha kamar kullum.

La'asar ta yi, falo ya cika, fasto ya yi addu'a mai tsawo. Jemima ta buɗe kwalbar aka yi tafi. Sai Jane ta karɓe ta, ta cika kofi har baki, ta ratsa mutane ta ajiye shi a hannun mijinta.

"Baban Jemima ne zai fara," in ji ta. "Shi ya yi keeping ɗinta all these years."

Katung ya girgiza kai yana murmushin dole. Jane ta matse masa hannu, ta ɗaga masa gira, fuskarta cike da farin ciki irin wanda ya daɗe bai gani ba. Jemima ta ɗaga waya tana ɗauka, tana cewa, "Come on, Daddy." Idanu duka a kansa. Ko gwada shi take yi? Ko yafe masa ta yi a gaban jama'a? Ƙamshin yana hawa masa kai, ita kuma tana tura gindin kofin da yatsa zuwa bakinsa.

Ya kurɓa. Zaƙi da ɗumi suka gangara masa ƙirji, jikinsa ya gane tsohon abokinsa tun kafin ya haɗiye. Ya sake kurɓa, wannan karon ba wanda ya tura. Ana ta shewa, Jane ta ɗora baki a kunnensa.

"Shanye abinka, kada ka ji tsoro," ta raɗa masa. "Zoɓo ne. Ni na zubar da giyar a sink ranar Alhamis, na cika kwalbar da hannuna, don kai ma ka sha tare da 'yarka."