Baƙin Man da Baba Bai Murza Ba

Ƙarfe biyu na rana, cikin bazara, injin motar Baba ya buga a hanyar Hamdara. Da motar nan muke ci.

Kullum sai ya murza baƙin mai a yatsunsa, ya ji kaurinsa, kafin ya saya. Da safen nan ni, da ke zuwa makaranta, ya miƙa wa bidon, wato galan ɗin man.

"'Yar lakwal, karanta mana."

Na karanta Faransancin daidai: mai kyau ne. Ban san cewa na ƙasar sanyi ne ba, a zafinmu tsinkewa yake yi.

Har yau ba na son warin ƙonannen mai. Ran nan a bakin hanya na tambaye shi ko laifina ne. Ya daɗe yana duban yatsunsa.

"A'a, ɗiyata. Ke kin karanta. Ni ne ban taɓa ba."