Tukwicin Mista Odell

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar kowace Talata motar gidan tsofaffi ke sauke su a ƙofar gidan cacar da ke bakin ruwa a Lake Charles, kowa riƙe da takardar cin abinci kyauta. Saura sukan yi wajen injinan cacar nan masu ƙara. Mista Odell kuwa, da sandarsa da farar hularsa, kai tsaye yake nufar teburin da ake jefa ƙwayoyin lido, kuma ba ya tsayawa sai gefen da Delphine ke raba kuɗi.

Ma'aikatan tebur suna son sa, amma fa ba don Allah ba. Shi bai taɓa yi wa kansa caca ba. Sai ya cilla kwabon roba na dala biyar tsakiyar tebur ya ce na ma'aikata ne, yadda masu hannun kyauta ke ba da tukwici a nan. In an ci, kuɗin su faɗa akwati a raba wa ma'aikatan gidan su ɗari da arba'in. In an faɗi, gidan cacar ya kwashe. Ko ta yaya dai ba sa komawa aljihunsa.

Delphine kaɗai ce gabanta ke faɗuwa in ta hango farar hular. Kan tsohon ba daidai yake ba. Yau ya kira ta Josette, wani makon ya ce Corinne. Makon jiya ta kasa daurewa, ta raɗa masa ya je ya ci abinci, lokacin maganinsa ya yi. Kyamarar sama ta gani. Aka kira ta ofis aka karanta mata doka: ma'aikaciya ba ta korar mai wasa, ba ta ba shi shawara, kuma wanda ta sani ba ya tsayawa teburinta. In ta kuma, ta ajiye rigar aiki. Ita kuwa aikin nan shi ne komai nata. Shekara hamsin da biyu, ƙafafu sun kumbura da tsayuwa, ga wani nauyi da ke lashe rabin albashinta duk wata. Wa zai ɗauke ta kuma?

Yau da ya iso ba dala biyar ya ajiye ba. Takardun ɗari-ɗari ya jera a kan koren ƙyallen, guda shida. Delphine ba ta kalli kuɗin ba, wuyansa ta kalla. Sarƙar da yake sawa kullum tana nan, zoben da ke rataye a jikinta babu. Daga aljihun rigarsa wata 'yar rasit ta shagon jingina na tsallaken titi tana leƙowa.

Boyd, mai sandar tura ƙwayoyi, ya washe baki. "Kai, tsoho mai ran ƙarfe, banki ka fasa ne?"

"Zoben Eulalie ne," in ji Mista Odell, yana dariya. "Ita ta ce in sayar. A zuba duka a huɗu da huɗu, na ma'aikata."

Eulalie, matarsa, ta shekara tara a ƙasa.

Delphine ba ta taɓa kuɗin ba. Da zarar ƙwayoyin sun bar hannun mai jifa, shi ke nan, ci da faɗuwa duk ɗaya ne ga zoben. Renard, ogan tebur, wanda aikinsa ke nan ya zauna yana karanta fuskoki, ya ɗaga wa Boyd yatsa alamar ya dakata.

"Delphine, lafiya? Ko kin san shi ne?"

Kalma ɗaya ce. In ta ce e, sai a mayar wa tsoho kuɗinsa a raka shi mota, ita kuma a raka ta ƙofar baya da jakarta. Ta dubi tsohon. Yana ta gyara hula, ko a jikinsa.

"A'a, oga. Mai wasa ne kawai."

Da hannunta ta canza takardun zuwa kwabban roba. Boyd ya jera su, ya tura ƙwayoyin ga wani direban babbar mota mai jan gemu. Aka jefa, shida. Aka sake, tara. A na uku ƙwaya ɗaya ta tsaya a huɗu, ɗayar ta gangara ta bugi bango ta dawo, ita ma huɗu.

Tebur ya kaure da ihu. Boyd har da rawa, yana shelar ninki tara na ma'aikata. Delphine ta yi abin da doka ta ce: ta ƙwanƙwasa kwabo a bakin tebur don kyamara ta shaida, ta ce ma'aikata sun gode, ta zura su ɗaya bayan ɗaya cikin akwatin da ba ta da makullinsa. Wallahi abin da zai zo hannunta a ciki bai kai man mota na mako ba. Ta yi murmushi, dole ne, yana cikin aikin.

Mista Odell ya ranƙwafo, ya rage murya. "'Yan mata, ina da 'ya mai irin aikin nan naki. Ban san inda take ba, ba ta zuwa ganina. Shi ya sa nake ba ku, ko wani zai ba ta."

Ba a yarda ta taɓa mai wasa ba. Ta danne tafukanta a kan ƙyallen. "Za ta zo, yallaɓai."

Mai canjinta ya dafa kafaɗarta. Ta tafa hannu, ta nuna wa kyamara tafukanta wayam, ta wuce ɗakin hutu. Minti ashirin gare ta, ba su isa kuka da gyaran fuska ba, sai ta zauna kawai ta cire takalmi.

Ran Lahadi za ta je gidan tsofaffin da ke lashe rabin albashinta ta aske masa gemu kamar kullum, ya tambaye ta ita wace ce, ta sake gaya masa, "Ni ce, Baba," ya manta kafin Talata.