Babbar Rigar Sha'aban Ta Ci Kofi

"Matsa can, kada ka ɓata min guga," in ji Sha'aban direba, yana saɓa babbar riga a ɗakinsu na unguwar Malaz. Maigidansa Bature ne ya gayyace shi biki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya ce kowa ya yi shiga ta musamman.

"Wane irin biki?" Maulud, abokin ɗakinsa, ya tambaya.

"Halowin. Na manya ne, ba na masu ɗaukar siminti ba."

Rigar kuwa shaddar angoncinsa ce, ta sha aikin hannu. Ya kafa zanna, ya rambaɗa kwalli, ya yi wanka da turare.

Yana shiga gidan da la'asar, tausayi ya kama shi. An fafe kabewa, an yi mata haƙora, an jera a ƙofa maimakon a yi taushe. Wani ya naɗe jikinsa da bandeji, wata ta zo cikin tsumma da jan fenti a baki.

"Duk arzikin nan, ba mai kayan fita kunya," ya ce a ransa.

Shi kuwa rububin hoto ake yi da shi. Can maigida ya kira shi gaban jama'a, ya miƙa masa kofi, wuri ya ɗauki tafi.

"Na mene ne, yallaɓai?" Sha'aban ya tambaya, baki har kunne.

"Gasar shigar dodo! Wannan baƙin na idonka, ga labulen nan da ka yafa, yarana har kuka suka yi. A ina ka yo hayarsa?"