Shunin Gemu

"Daina motsi, Gwadabe," in ji Inna Saude mai kitso, tana cusa mini shuni a gemu. "Fatar da ta kwana biyu ba a yi mata gaggawa. Man kaɗanya tukuna ya cike tamoji, sannan kwalli kaɗan."

Na haura hamsin, ga shi ina neman Lami, wata bazawara a Rogo, ni da Liti wanda na girma da shekara goma. Da na duba madubi, saura kaɗan in gaida kaina.

Ina shiga kasuwar Rogo da takama, sai ga masu ɗibar majiya ƙarfi don aikin hanyar Bature. Masu furfura kaɗai suke bari.

"Kai saurayi, shiga layi!"

"Ranka ya daɗe, jikoki gare ni!"

"Da wannan gemun?"

Wata uku ina fasa dutse. Na dawo gida Karaye na tarar an ɗaura auren Lami da Liti. Na kai kukana wurin Inna Saude.

"Ai shi ma ranar ya zo," ta ce. "Toka ya ce in shafa masa."