Sunan Ɗan Fari

"In ɗanki ne, Iya, faɗi sunansa."

Jami'in tsaron ya kafe ta da ido, hannunsa shaƙe da wuyan rigar ɗanta. A shingen Ƙofar Kibo ne, wanda aka ce na mako guda ne, ga shi har an yi masa rufin kwano. Kullum a rediyo cewa ake maƙiya sun saje da jama'a, kuma mai kishin ƙasa ba ya tambayar hukuma dalili. Ranar da aka kafa shingen, ita ma albarka ta sa musu.

Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ɗan fari ne. Tun ranar suna kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, "wannan yaron" take cewa har ya tara iyali. Kafin ta haɗiye kunyar, jami'in ya ce, "Kun gani? Ba ta san shi ba." Aka tura shi mota.

Damina ta wuce, wata ta biyo, shingaye suka ƙaru. Duk wanda ya tambayi inda aka kai shi sai a kira shi maƙiyin ƙasa. Abokansa suka yi gum, maƙwabta suka koma cewa "wancan mutumin".

Da la'asar takan zauna bakin zaure tana duban lungun da yakan ɓullo da kekensa, tana kiran sunan a hankali, tana mamakin daɗinsa a baki. Da, duk unguwar Kwarbai ita kaɗai ce ba ta faɗinsa. Yau ita kaɗai ke faɗi.