Titi Zai Bi ta Gida

A Yalwawa akwai wani tsoho da ake cewa ko ƙyauren gidansa ba ya yarda a sauya. Wasu su ce taurin kai ne, 'yan boko su ce duhun kai. Amma duk zaɓe, inda ya dangwala nan unguwa take dangwalawa.

Bana ɗansa ne ya fito takarar kansila, da alkawarin faɗaɗa titin unguwa. Ranar zaɓe ya tarar da uban a bakin rumfar zaɓe, ya durƙusa a gaban jama'a.

"Baba, in ka juya mini baya, duk layin nan sun juya. Kalma ɗaya nake roƙo."

Tsohon ya amsa masa.

"Sau biyu titi yana tashinmu. Na farko ya cinye gona, na biyu ya cinye ɗakin da aka binne cibiyarka. Yanzu innarka ba ta gani. Da tafin hannu ta haddace bangon gidan nan. Ina zan kai ta ta sake koyo?"

Ya zaro hannu daga cikin babbar riga. Tawada ta riga ta bushe a babban yatsansa.

"Tun da safe na yi. Ka yafe mini."